Yoyon da Aka Saba da Shi: Wa Ke Ƙirga Gyare-gyaren Tashoshin Nukiliya?

Duniya ta sake waiwayar makamashin nukiliya. A Amurka ana farfaɗo da tashoshin da aka riga aka rufe, irin su Palisades a jihar Michigan, da ɗaya daga cikin tukwanen Three Mile Island, wadda kamfanin Microsoft ya ƙulla yarjejeniyar sayen wutarta a 2024. Tashoshin da aka ba lasisin shekara 40 ana ƙara musu wa'adi zuwa 60, wasu har 80. A watan Mayun 2025 kuma Shugaba Trump ya sa hannu kan umarnin da ya buƙaci hukumar sa ido kan nukiliya ta ƙasar, wato NRC, ta daina jan ƙafa, ta riƙa yanke hukunci kan lasisin sabuwar tasha cikin wata 18. Muhawara ta kaure: shin masu sa ido ne suka cika tsanani har suka shaƙe sana'ar, ko kuwa tun can ma sun yi sake?

Ga inda na tsaya tun kafin mu yi nisa. Ba na adawa da wutar nukiliya, ina ma ganin duniya na bukatarta. Amma akwai wata ɓaraka a yadda ake sa mata ido, kuma tsufan tashoshi zai ƙara buɗa ta. Idan na'ura ta lalace aka gyara, ta sake lalacewa a wuri ɗaya aka sake gyarawa, to maimaituwar nan laifi ce mai zaman kanta, wadda ta fi kowace lalacewa ɗaya girma. Hukumar da ke duba kowane gyara shi kaɗai, ta sa hannu ta rufe fayil, ba ta sa ido ba, ko da sufetocinta suna kwana a cikin tashar. Daga karo na biyu nauyi ya kamata ya koma kan kamfani: ya kawo hujjar cewa ya gano tushen cutar, in ya kasa a kashe tukunyar a ranar da aka sa, babu ciniki.

Abin da ya kai ni ga wannan ra'ayi shi ne labarin tashar Davis-Besse, wadda ke gaɓar tafkin Erie a jihar Ohio. Zan daɗe a kansa, domin duk abin da nake son faɗa yana ciki.

Tukunyar irin wannan tasha gangar ƙarfe ce mai kauri, cike da ruwa mai zafi da aka matse da ƙarfin da ya ninka na iskar da muke shaƙa kusan sau 150. A cikin ruwan ana narkar da sinadarin boron don ya taimaka wajen daidaita wutar. A saman tukunyar akwai murfi, an huda shi an zura bututu 69, ta nan sandunan da ke rage wuta ko kashe ta suke sauka. Da aka yi waɗannan bututu da wani gaurayen ƙarfe mai suna Alloy 600, an zaci ba zai tsage ba. A 1991 Faransawa suka gano yana tsagewa, a tukunya ta uku ta tashar Bugey, kuma kamfaninsu na EDF ya ɗauki hanya mai tsada: ya shiga sauya murafen tukwanensa ɗaya bayan ɗaya. A Amurka aka ce a ci gaba da dubawa da ido. In ruwa ya ɗiga ta tsagar, zai bushe ya bar farin gishirin boron, a gani a share.

A Davis-Besse ruwan ya yi shekaru yana ɗiga. Gishirin ya taru a kan murfin, ya daskare, launinsa ya tashi daga fari ya koma ja. Me ke mayar da farin gishiri ja in ba tsatsa ba? Kuma daga ina tsatsa za ta fito in ba ƙarfe ake ci ba? Tun wajen 1999 matatun na'urorin da ke auna iskar cikin ginin tukunyar suka fara toshewa. Matatar da a da takan yi wata guda sai ta koma ana sauya ta kusan kullum. An kai dattin ɗakin gwaji, an ga tsatsar ƙarfe ce. Na'urorin sanyaya iskar ginin su ma suka riƙa toshewa, ana wankewa, suna sake toshewa. A watan Afrilun 2000 aka ɗauki wani hoto da ya nuna jar tsatsa ta kwararo daga gefen murfin ta daskare, hoton kuma ya isa hannun sufeton hukuma. An daɗe da ba da shawarar a faɗaɗa kafofin da ake leƙa saman murfin don a iya wanke shi sosai, amma aikin ya yi ta shan ɗagewa daga wannan shekara zuwa waccan.

Kowane ɗaya daga cikin waɗannan an rubuta shi, an ba shi lamba, an yi gyara, an rufe. Babu wanda ya ƙi aiki. Kamar mai ɗakin da rufinsa ke yoyo ne, ya ajiye kwano, kullum ya zubar da ruwan ya mayar da kwanon, yana ganin ya yi maganin abin, alhali azara tana can tana ruɓewa. Ko a tsarin launuka da NRC ta fara aiki da shi a 2000, inda kore ke nufin lafiya lau, sai fari, sai rawaya, sai ja, Davis-Besse tana cikin masu kore.

A watan Agustan 2001, bayan an gano munanan tsage-tsage a tashar Oconee da ke South Carolina, wadda kamfani ɗaya ya ƙera musu tukwane ita da Davis-Besse, NRC ta umarci tashoshin da ke cikin haɗari su duba bututunsu kafin ƙarshen shekara. Kamfanin FirstEnergy, mai Davis-Besse, ya nemi a bar shi sai ƙarshen Maris na 2002, lokacin da dama zai tsaya don sauya makamashi. Ma'aikatan hukumar har sun tsara takardar umarnin rufewa ranar 31 ga Disamba. Sai aka zauna, aka raba gardama: a tsaya ranar 16 ga Fabrairu. Da aka tsaya aka shiga gyaran wani bututu a farkon Maris, sai bututun ya karkace a hannun masu aiki, abin da bai kamata ya yiwu ba. Da aka duba, asid ɗin boron ya cinye ƙarfen murfin gaba ɗaya a wurin, rami mai zurfin kusan santimita 15. Abin da ya rage yana riƙe da duk matsin tukunyar shi ne wani siririn shafi na ƙarfe marar tsatsa, wanda kaurinsa bai kai santimita ɗaya ba, kuma ya riga ya kumbura. Ba don ɗaukar nauyi aka yi shi ba. Binciken da aka yi daga baya ya nuna zai iya fashewa cikin 'yan watanni zuwa kimanin shekara guda.

Yanzu bari mu saurari masu wani ra'ayin, domin suna da hujjoji, wasu ma masu nauyi.

Na farko su ne masu cewa: to, wa ya mutu? An gano ramin, an gyara, ko kaza ba ta yi tari ba. Ko da shafin ya fashe, akwai famfunan gaggawa da za su cika tukunyar da ruwa, akwai ginin kankare da zai tsare tururin. Suna ƙarawa da cewa in aka auna yawan mutanen da kowace hanyar samar da wuta ke kashewa, nukiliya tana can ƙasa tare da iska da hasken rana, gawayi kuwa yana hallaka mutane da hayaƙinsa kowace rana ba tare da an yi labari ba. Wannan magana ta ƙarshe gaskiya ce, kuma ita ce dalilin da ya sa ba na cikin masu cewa a rufe duka. Amma batun kariya bayan kariya, Davis-Besse ɗin ce ta ba da amsa. Da aka tsayar da tashar aka bincika ta sosai, sai aka gano cewa ramin da famfunan gaggawa za su riƙa jan ruwa daga gare shi zai iya toshewa da tarkace, su kansu wasu famfunan tarkacen zai iya lalata su. Kamfanin da ya saba da yoyo a murfi, me zai sa a zaci ya tsaya tsayin daka a kan famfo? Mutane ɗaya ne, kasafi ɗaya ne, ɗabi'a ɗaya ce. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, kuma bangon da ya tsage a nan shi ne halin gudanarwa, wanda duk sauran kariyar ke jingine da shi.

Sannan ba ko'ina aka tsira ba. A ranar 9 ga Agustan 2004, a tashar Mihama ta Japan, wani bututun ruwan zafi ya fashe ya kashe ma'aikata biyar. Tun da tukunyar ta fara aiki a 1976 ba a taɓa auna kaurin wannan wuri ba, domin ya faɗi daga jerin wuraren dubawa. An lura da hakan kafin hatsarin, aka ce a bari sai tsayawar da ke tafe. Saura kwanaki kaɗan ta zo.

Na biyu su ne masu lissafin kuɗi, kuma ba na raina su. Tukunyar da ta tsaya tana jawo asara mai yawa kowace rana, wutar da ta daina bayarwa kuma galibi gas ko gawayi ne zai cike gurbinta. Faransa ta ɗanɗana. A ƙarshen 2021 aka gano tsage-tsage a bututun gaggawa na tashar Civaux, aka bi sauran tukwane masu irin ƙirarta, aka tsayar da su da dama. A 2022, ana tsakiyar tsadar makamashi saboda yaƙin Ukraine, wutar nukiliyar Faransa ta yi ƙasa irin wanda ba ta yi ba cikin sama da shekara 30, ƙasar da ta saba sayar wa maƙwabta wuta ta koma saye, EDF kuma ya tafka asarar kusan Yuro biliyan 18. Masu wannan ra'ayi suna tambaya: anya ba a yi gaggawa ba?

Ni a ganina abin da Faransa ta yi shi ne sa ido na gaskiya. An ga cuta a tukunya ɗaya, aka ɗauka tana cikin 'yan'uwanta har sai an tabbatar babu. In ka ga gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa. Kuma in lissafin ne, a kammala shi mana. FirstEnergy ya yi cinikin kusan makonni bakwai, ya samu. Daga nan tashar ta yi shekara biyu a rufe, sai Maris na 2004 ta dawo, bayan an kashe kuɗin da ya kai wajen dala miliyan 600. NRC ta ci shi tarar dala miliyan 5.45, mafi girma a tarihinta a lokacin, ya kuma biya miliyan 28 a 2006 don sasantawa da ma'aikatar shari'a kan bayanan ƙarya da aka ba hukuma. Wace riba aka ci? Babban mai binciken cikin gida na NRC da kansa ya rubuta a rahotonsa cewa hukumar ta ba wa aljihun kamfani nauyin da bai kamata ba. Abin da ya fi damuna a rahoton shi ne yadda aka juya nauyin hujja: maimakon kamfani ya tabbatar da cewa tukunyarsa lafiya take, sai ma'aikatan hukuma suka ga kamar su ne za su kawo tabbatacciyar shaidar yoyo kafin su rufe. Ta yaya za su samu shaidar, alhali sai an rufe ake iya dubawa?

Hujja ta uku ita ce ta fi ba ni wahala, don haka ba zan wuce ta da sauri ba. Injiniyoyi suna cewa gyara shi kansa haɗari ne. A San Onofre ta Kalifoniya an cire tsofaffin manyan tukwanen tururi aka sa sababbi da kamfanin Mitsubishi ya ƙera. Ba a jima ba siraran bututun cikinsu suka riƙa girgiza suna gogar juna, a Janairun 2012 ɗaya ya yi yoyo, a Yunin 2013 aka rufe tashar har abada. A Crystal River ta Florida an huda ginin kankare a 2009 don a shigar da sababbin na'urori, kankaren ya ɓare daga ciki, ƙoƙarin gyarawa ya jawo wata ɓarewar, ita ma aka rufe ta a 2013. Ita kanta Davis-Besse, murfin da aka ɗauko mata daga wata tashar Michigan da ba a taɓa kunnawa ba, na wancan gaurayen ƙarfen ne, kuma a 2010 aka sake samun tsage-tsage a bututunsa. Da aka huda ginin waje a 2011 don shigar da murfi na uku, sai aka tarar da tsage-tsage a cikin kankaren. To, in ji su, in garin neman gira za a rasa ido, ba gara a lallaɓa abin da ake da shi ba?

Na yarda da rabin maganar. Ba kowace lalacewa ce ke bukatar a tumɓuke na'ura ba, kuma hukumar da ke tilasta sauyi don kawai a ga tana aiki tana iya jawo ɓarna. Amma a lura, ban ce a sauya ba. Cewa na yi a gano dalili. Misalan nan kuwa, in aka dube su da kyau, ni suke goya wa baya. A San Onofre an gabatar da sababbin tukwanen tururin a matsayin kwatankwacin tsofaffin, don haka ba su bi ta cikakken binciken gyaran lasisi ba, alhali an canja ƙirarsu ta ciki. A Davis-Besse an mayar da ƙarfen da aka san yana tsagewa don a yi saurin komawa aiki. Duk cutar ɗaya ce: kalmar gyara tana kwantar da hankalin mai sa ido, sai ya sassauta daidai lokacin da ya kamata ya ƙara buɗe ido. Babban gyara sabon gini ne, haka ya kamata a bincike shi.

Akwai kuma masu tsoron cewa in aka ce maimaituwa laifi ce, ma'aikata za su daina rubutawa. Wannan tsoro yana da tushe. A 2002 aka bankaɗo cewa kamfanin TEPCO na Japan ya yi shekaru yana ɓoye tsage-tsagen da aka gani a tukwanensa, har ta kai ga an tsayar da dukkan tukwanensa 17 a 2003. A Koriya ta Kudu, a 2012 da 2013, aka gano an yi ta sa kayan gyara masu takardun inganci na jabu. Amsata ita ce a bambanta mai kawo rahoto da mai yanke hukunci. Injiniyan da ya rubuta cewa matata ta sake toshewa ya yi aikinsa, kariya ya cancanta. Wanda za a tambaya shi ne wanda ya ga takarda ta goma a kan abu ɗaya ya sa hannu a ɗage. A shari'ar Davis-Besse injiniyoyi biyu ne kotu ta samu da laifi. Ban ce ba su da laifi ba, amma su ne suka ɗage aikin faɗaɗa kafofin dubawa shekara da shekaru? Su ne ke rarraba kasafi? Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. Muddin haka hukunci ke tafiya, ƙananan ma'aikata za su koyi yin shiru, manya kuma ba za su koyi komai ba.

Masu cewa a rufe duka kamar yadda Jamus ta rufe tukwanenta uku na ƙarshe a Afrilun 2023, amsarsu gajeriya ce: alamun Davis-Besse a fili suke, a rubuce, har da hoto. Abin da ake iya gani ana iya magance shi, in akwai mai ikon cewa a tsaya.

Wannan iko shi ne asalin magana. A wancan lokaci sama da kashi 90 cikin 100 na kasafin NRC daga kuɗaɗen da masu lasisi ke biya yake fitowa. Ba cin hanci ba ne, doka ce ta tsara haka, amma Bahaushe ya ce kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski, kuma sufeton da ya shekara biyar yana gaisawa da mutane ɗaya kowace safiya, idonsa ma yakan saba da jar tsatsa. A Japan kafin 2011, hukumar sa ido tana ƙarƙashin ma'aikatar da aikinta shi ne tallata nukiliya. Kwamitin binciken da majalisar ƙasar ta kafa ya ce a 2012 bala'in tashar Fukushima na 2011 aikin ɗan Adam ne, ya ce masu sa ido sun zama kamammu a hannun waɗanda suke sa wa ido. Sai bayan nan aka kafa hukuma mai cin gashin kanta. A Ohio kuwa, shekaru bayan ramin murfi, aka kama FirstEnergy da zuba kusan dala miliyan 60 don a zartar da dokar 2019 da za ta tallafa wa Davis-Besse da wata tashar da kuɗin masu biyan wuta, kakakin majalisar jihar Larry Householder ya samu ɗaurin shekara 20. Wannan ba batun tsaron tukunya ba ne kai tsaye, amma yana nuna irin ƙarfin da sufeto ɗaya ke fuskanta idan ya ce a'a.

Don haka ba na jin tsoron a hanzarta ba da lasisi ga sabuwar ƙira in an yi aikin da kyau. Tsorona shi ne a rage ma'aikata da sa'o'in bincike a tsofaffin tashoshi, da hujjar cewa ai duk launinsu kore ne. Abin da nake so a gani a doka ba mai wuya ba ne: a riƙa buga tarihin lalacewar kowace muhimmiyar na'ura a fili, ta yadda ɗan jarida ko malamin jami'a zai iya ƙirgawa da kansa, lalacewa ta biyu a wuri ɗaya ta jawo masu bincike daga wajen tashar, ranar dubawa kuma in an sa ta, kada wani ya iya matsar da ita sai a zama na bainar jama'a, da sunan wanda ya amince a rubuce.

Mu ma maganar ta shafe mu, ko da ba mu da tashar wuta ta nukiliya. A duk Afirka Koeberg ta Afirka ta Kudu ce kaɗai ke aiki, Masar na gina tata a El Dabaa. Nijar ta yi fiye da shekara 50 tana haƙo yuraniyom a Arlit. Najeriya tana da ƙaramar tukunyar bincike a Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya tun 2004, tana da hukumar sa ido ta NNRA, ta ƙulla yarjejeniya da kamfanin Rosatom na Rasha, an kuma ambaci Geregu a jihar Kogi da Itu a Akwa Ibom a matsayin wuraren da za a iya ginawa. Ba a fafe gora ranar tafiya. Kafin a tattauna megawat nawa za a samu, ina so 'yan majalisarmu su tambaya: wa ke biyan albashin sufeton NNRA, wa ke iya cire shugabanta, kuma a ranar da tasha ɗaya ke ɗauke da kaso mai tsoka na wutar ƙasa, ana saura wata biyu zaɓe, doka ta ba shi ikon kashe ta ba tare da ya nemi izinin minista ba?